Arba'in Da Ɗoriya: Sharhi Kan Ruɗanin Tsakiyar Rayuwa Da Neman Wadatar Zuci

A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo bakin 'yan boko, wato "rikicin tsakiyar rayuwa". Magidanci ɗan shekara 45 ya ajiye aikin banki ya koma kiwon kaji, sai a ce rikicin ne ya kama shi. Matar da ta aurar da 'ya'yanta ta koma jami'a, ko kuma ta yi shiru ta daina shiga sabgar biki da suna, nan ma a ce shi ne. Wasu kuwa cewa suke babu wani abu mai kama da haka, cutar Turawa ce da ƙoshi ya haifar, ko raunin imani. Duka ɓangarorin biyu sun haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba: raguwar jin daɗin rayuwa da ke zuwa a hankali tare da shekaru, da girgizar da wani lamari na bazata ke haddasawa, da kuma ciwon damuwa wanda aikin likita ne. Muddin ba a rarrabe su ba, za a ci gaba da bai wa mai buƙatar asibiti wa'azi, a kuma bai wa mai buƙatar shawara ƙwaya.

Ma'anar kalmomi

Tsakiyar rayuwa, a wajen masu bincike, ita ce tsakanin shekara 40 zuwa 60. A al'adarmu ba lissafin shekaru ake dubawa ba, nauyi ake dubawa: lokacin da mutum ya zama magidanci ko uwargida, iyaye suna tsufa a hannunsa, 'ya'ya suna girma a gabansa, ƙanne suna kawo masa kukansu. Ƙana'a kalma ce da muka aro daga Larabci, ma'anarta wadatar zuci, wato mutum ya natsu da abin da ke hannunsa ba tare da ya daina nema ba. Ta bambanta da mutuwar zuciya, wadda ita ce barin neman gaba ɗaya. Tawakkali shi ne dogaro ga Allah bayan an yi abin da ya kamata. Sanin kai kuma, wanda wasu ke kira gano kai, shi ne mutum ya gane halinsa, da iyakar iyawarsa, da abin da yake so da gaske, dabam da abin da aka saba yaba masa a kai. Ciwon damuwa cuta ce da ke da alamomi da magani, ba ɓacin rai na kwana biyu ba.

Inda maganar ta samo asali

Akwai wata unguwa a Landan da tarihin wannan muhawara ya yi ta kewayawa, ita ce kewayen Regent's Park, babban lambun shaƙatawa da ke arewa maso yammacin tsakiyar birnin. A 1957 wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Kanada, Elliott Jaques, ya gabatar da maƙala a gaban ƙungiyar masu nazarin tunani ta Birtaniya, wadda cibiyarta ke titin New Cavendish, kudu kaɗan da lambun. Shi kansa shekararsa 40 a lokacin. Ba a buga maƙalar ba sai a 1965, kuma daga nan ne sunan rikicin tsakiyar rayuwa ya bazu.

Jaques ya bi tarihin mawaƙa da masu zane da marubuta sama da 300, ya lura cewa wani abu yakan faru da su tsakanin shekara 35 zuwa 39: wani ya daina aiki, wani ya canza salo, wani ya mutu, wani kuma a sannan ya fara. Bayaninsa shi ne, a wannan lokaci mutum yake fara gane cewa mutuwa ba labarin wasu ba ce, tasa ce, kuma kwanakin da suka rage masu ƙirguwa ne. Littattafai biyu na Amurka, na Gail Sheehy a 1976 da na Daniel Levinson a 1978, su suka kai maganar cikin gidajen jama'a. Levinson kuwa maza 40 kacal ya yi nazari a kansu, amma aka ɗauki sakamakon kamar hukunci a kan kowa.

Adabi ya riga masana. A littafin Virginia Woolf na 1925, Mrs Dalloway, wani mutum da ya haura hamsin ya dawo daga Indiya, ya zauna a kan benci a cikin Regent's Park yana auna abin da ya yi da rayuwarsa. Shi ma wanda ya tsara lambun, John Nash, ya ɗanɗani faɗuwa: ya karye a 1783, aurensa ya mutu, ya koma yankin Wales ya sake farawa da ƙananan gine-gine. Aikin lambun bai zo hannunsa ba sai a 1811, yana dab da shekara 60.

Abin da alƙaluma suka nuna, da inda suka tsaya

A 2008 masana tattalin arziki biyu, David Blanchflower da Andrew Oswald, suka tattara amsoshin dubban ɗaruruwan mutane kan tambaya guda: yaya gamsuwarka da rayuwa? Suka ga gamsuwar tana farawa a sama lokacin ƙuruciya, tana sauka a hankali, ta kai ƙasa a tsakiyar rayuwa, sannan ta sake hawa. A 2020 Blanchflower ya faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe 132, ya ce ƙasan yana wajen shekara 47 a ƙasashe masu arziki, 48 a masu tasowa. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ma ta ba da rahoto a 2016 cewa 'yan 45 zuwa 59 su ne mafi ƙarancin gamsuwa, 'yan 65 zuwa 79 kuma su ne kan gaba.

Bayanin da ya fi gamsarwa ya fito daga Hannes Schwandt, wanda ya bi bayanan Jamusawa da aka riƙa tambaya shekara bayan shekara. An tambaye su yadda suke zaton rayuwarsu za ta kasance nan da shekara biyar, aka dawo aka duba. Matasa kullum zatonsu ya wuce abin da suka tarar. Dattawa kuwa abin da suka tarar yakan fi zatonsu. Ɗan tsakiya shi ne wanda burin baya ya ci amanarsa, bai kuma riga ya rage burin gaba ba. Da zarar buri ya daidaita da hali, sai zuciya ta fara sauka.

Sai dai akwai masu ja. Margie Lachman da abokan aikinta sun nuna cewa idan aka bi mutum ɗaya tsawon shekaru, maimakon a kwatanta tsara da tsara, saukar ba ta fitowa a wajen kowa, kuma inda ta fito ba ta da zurfi. Elaine Wethington ta jami'ar Cornell ta gano a 2000 cewa kusan ɗaya cikin huɗu ne na Amurkawan da ta tambaya suka ce sun shiga irin wannan rikici, kuma da yawansu ba shekaru suka ɗora wa laifi ba: rasa aiki ne, ko mutuwar aure, ko ciwo. Shi ma Blanchflower ya dawo a 'yan shekarun nan yana cewa siffar ta canza a ƙasashe da dama, domin yanzu matasa ne suka fi shiga ƙunci. Abin da za a iya riƙewa ke nan: saukar gaskiya ce a jimlace, amma ba wa'adi ba ce da ke jiran kowa a ƙofar arba'in.

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu

Masu cewa cutar Turawa ce sun manta da littattafan da ke cikin zaurukansu. Alƙur'ani ya keɓe shekara arba'in da ambato a Suratul Ahƙaf, aya ta 15, inda ya haɗa cikar ƙarfi da godiya, da tuna iyaye, da roƙon shiriyar zuriya, da tuba. A shekara arba'in aka aiko Annabi (SAW). Malamai sun daɗe suna ɗaukar wannan shekara a matsayin lokacin yi wa kai hisabi.

Imam Gazali yana kan ganiyar ɗaukaka a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza lokacin da harshensa ya ɗaure a 1095, yana ɗan shekara 37 ko kusa da haka. Ya kasa karantarwa, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuci yake. Da kansa ya bayyana a littafinsa Munƙiz cewa ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne ke jan ragamarta. Ya bar Bagadaza, amma sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da zai riƙe su. Daga wannan janyewa littafinsa Ihya'u ya fito, kuma bayan kimanin shekara 11 ya koma karantarwa a Naisabur.

Na kusa da mu shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Wajen 1807, yana da kimanin shekara 40, jihadi yana tsaka da nasara, ya ga yadda son mulki da dukiya suka fara cin zukatan wasu daga cikin jama'a. Ransa ya ɓaci, ya bar runduna da niyyar wucewa Gabas. Da ya iso Kano mutanen gari suka tsayar da shi, suka nemi ya koya musu yadda za su tafiyar da al'amuransu. A nan ya rubuta littafin Liya'ul Hukkam, ya yi musu tafsiri, daga baya ya juya ya koma. Duk abin da Jaques ya siffanta yana cikin wannan labari: mutum ya sami abin da ya yi wa fafutika, ya duba, ya ga ba haka ya zata ba. Bambancin shi ne yadda aka fita. Ba tafiyar ce ta warkar da shi ba, aikin da aka ɗora masa a hanya ne.

Sauyin da ba a shirya masa ba

A ƙasarmu, abin da ya fi kayar da ɗan tsakiyar rayuwa ba tunanin mutuwa ba ne, takarda ce. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin 'yan watanni. Rufe masaƙun Kaduna, irin su KTL a 2002, ya bar dubban magidanta a Kakuri babu aiki, da yawa kuma babu haƙƙin sallama. A 2017 gwamnatin Kaduna ta sanar da cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 da faɗuwar darajar naira sun mayar da albashin da jiya yake riƙe gida ya zama na mako biyu. Ko ba a kori mutum ba, dokar aikin gwamnati ta shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa tana nufin wanda ya fara aiki yana ɗan 20 zai yi ritaya yana 55, da sauran ƙarfinsa, da yara a makaranta.

Janar Yakubu Gowon shekararsa 40 lokacin da aka kifar da gwamnatinsa a ranar 29 ga Yuli, 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala. Ya tafi jami'ar Warwick a Ingila ya zauna aji da 'yan shekara 19, ya karanci kimiyyar siyasa har ya kai digirin digirgir. Hotonsa riƙe da tire a layin abincin ɗalibai ya tayar da ƙura a gida, wasu na ganin zubar da girman ƙasa ne. Wannan ƙura ita ce ainihin matsalarmu. Abin da ke hana mutum sake farawa sau da yawa ba rashin hanya ba ne, "me mutane za su ce" ne. Tsohon darakta ya gwammace ya zauna a gida yana cin bashi da a gan shi a shago, alhali gemu ba ya hana ilimi, balle sana'a.

Na mata ya fi wannan sarƙaƙiya. Ɗaukewar al'ada, wadda galibi ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55, tana tafe da zafin jiki, da rashin barci, da saurin fushi, kuma mata da yawa ba a taɓa gaya musu cewa sauyin sinadaran jiki ne ba. Sai a ce jifa ne, ko iska, ko kishi. Sau da yawa kuma a daidai wannan lokaci ne maigida yake tashi ƙarin aure. Halal ne, babu mai ja, amma ba kowane ƙarin aure ba ne aka gina a kan buƙata da iko; wani gudun furfura ne kawai, kuma furfurar tana biyo ango har ɗakin amarya. A ɗaya gefen, al'adar Hausa ta tanadar wa mace mai shekaru wani matsayi da yarinya ba ta da shi: fitarta takan yi sauƙi, ana jin maganarta a sha'anin aure da sulhu, tana iya zama uwar adashi, ko dillaliya, ko ungozoma. Jajis ɗin da Nana Asma'u ta naɗa su jagoranci 'yan taru, wato mata masu neman karatu, manyan mata ne, domin su ne za su iya tafiya daga ƙauye zuwa Sakkwato su koma da karatu.

Ga mutanenmu mazauna Birtaniya kuma, sauyin yana da wata fuska. A gefen yamma na Regent's Park ne babban masallacin Landan yake, wanda aka kammala a 1977, kuma ranar Juma'a ko Idi akan haɗu da Musulmi daga ko'ina, har da 'yan Najeriya da Nijar da Gana.  A cikin masu zuwa sallar akwai wanda ya bar babban matsayi a gida yana da shekara 45, ya zo ya tarar sai ya sake jarrabawa kafin a yarda da takardunsa, ko ya kama aikin kula da tsofaffi. A gida ana masa kallon wanda ya haye, ana jiran aike. A can kuwa ba wanda ya san ɗan gidan wane ne. 'Ya'yansa suna amsa masa Hausa da Turanci. Fanshon gwamnatin Birtaniya yana buƙatar aƙalla shekara 10 na biyan gudummawa, cikakkensa kuma shekara 35, don haka wanda ya zo a makare lissafinsa ba ya cika a can, a gida ma ya yanke. Tambayar "yaushe za a koma?" takan zauna a irin wannan gida shekara da shekaru ba a amsa ta ba.

Hanyoyi biyu da ake nunawa, da gyaran kowacce

Hanya ta farko ita ce ta littattafan ƙarfafa gwiwa: ka zurfafa tunani, ka gano ainihin kanka, ka ajiye duk abin da ya ɗaure ka, ka bi zuciyarka. Wannan shawara an yanka ta ne daidai wuyan mutumin da ba ya ciyar da kowa. Wanda mutum goma sha biyu ke ci daga aljihunsa ba zai iya ajiye aiki don neman kansa ba. Ko a ƙasashen Turawa ma bincike bai goyi bayanta sosai ba. Herminia Ibarra, wadda ke koyarwa a Makarantar Kasuwanci ta Landan da ke bakin Regent's Park, ta bi mutanen da suka canza sana'a a tsakiyar rayuwa, ta fitar da littafi a 2003. Ta tarar ba zama aka yi aka gano kai sannan aka motsa ba. Gwaji ake yi ƙanana ƙanana a gefen aikin da ake da shi, a shiga sababbin mutane, a ga abin da ya karɓi mutum, sanin kai ya biyo baya. Ma'aikacin da ya fara noman rani a ƙarshen mako shekara biyar kafin ritaya ya fi sanin kansa a kan wanda ya kwashe kuɗin sallama dungurungum ya zuba a sana'ar da bai taɓa yi ba.

Hanya ta biyu ita ce tamu: haƙuri, ƙaddara ce. Tana da ƙarfin da ta farko ba ta da shi. Hadisi ya koyar da cewa wadata ta gaskiya a zuci take, ya kuma yi umarni da duban na ƙasa a sha'anin duniya maimakon na sama, kuma wannan shi ne daidai maganin ciwon da Schwandt ya auna: tazarar da ke tsakanin buri da hali. A zamanin da abokin karatunka yake saka hoton sabon gidansa a Facebook, wannan koyarwa ta ƙara tsada. Amma ana ɓata ta ta hanya biyu. Ana amfani da "haƙuri" a rufe bakin wanda aka zalunta, kamar ɗan fanshon da aka riƙe wa haƙƙi ko matar da aka yi wa sakin wulaƙanci. Ana kuma amfani da "ƙaddara" a lulluɓe kasala. Ƙana'a tana kan abin da ya fi ƙarfin mutum, ba kan abin da yake iya gyarawa ba. Wanda ya yarda cewa ba zai zama babban sakatare ba, ya daina cin zuciyarsa, ya juya ga abin da zai iya, shi ya yi ƙana'a. Wanda ya kwanta ya ce komai ya ƙare, wannan wani abu ne dabam.

Shi ne kuma wurin da ya kamata dangi su sa ido. Idan ƙunci ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, barci da cin abinci suka rikice, mutum ya daina jin daɗin duk abin da ya saba so, ko ya fara maganar gara ya mutu, to an bar batun shekaru an shiga batun cuta. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Dawanau ta Kano, kuma Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. A Ingila mutum yana iya neman ganin mai ba da shawara ta hukumar lafiya ta NHS da kansa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ke tafe

Wasu za su ce ina ruwan ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba da maganar tsakiyar rayuwa. Wannan kuskuren karanta alƙalami ne: mutuwar ƙananan yara ce ke jan adadin ƙasa, wanda ya kai 45 kuwa sau da yawa yana da sauran shekaru masu yawa a gaba. Lynda Gratton da Andrew Scott, su ma na Makarantar Kasuwanci ta Landan, sun yi hasashe a littafinsu na 2016 cewa tsarin karatu, aiki, ritaya zai rushe, mutum zai riƙa komawa koyo fiye da sau ɗaya. Birtaniya tana ɗaga shekarun fansho daga 66 zuwa 67. Najeriya ta yi doka a 2022 da ta mayar da ritayar malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki.

A lokaci guda gandu, wanda a da yake karɓar duk ɗan gidan da duniya ta juya wa baya, yana watsewa, gonar gado tana ƙanƙancewa da kowane rabo. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki damar cire kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa bayan wata huɗu, amma wannan ya shafi masu albashi ne kawai, su kuwa tsiraru ne. Ɗan kasuwar da gobara ta cinye shagonsa, da direban da ciwon suga ya raba da mota, da bazawara mai 'ya'ya biyar, ba su cikin wannan lissafi. Shirye-shiryen koyar da sana'a na gwamnatoci kusan duk an rubuta musu "matasa" a goshi, galibi da iyakar shekara 35. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da makarantun yaƙi da jahilci da Islamiyyun matan aure su ne 'yan ƙofofin da ba sa tambayar shekarun mai shigowa.